Gidan Hutu na Miango: tambayoyin da mutane suka fi yi mini a kan tarihinsa da dalilin gina shi

Duk lokacin da na ce wa mutum mun je Miango ritirit, wato keɓewa na 'yan kwanaki don addu'a da hutu, tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke biyowa baya, wai otel ne ko coci, wai na Turawa ne, wai me ake yi a can har kwana uku ko huɗu. Har ma wasu 'yan ikilisiyarmu da suka taɓa kwana a wurin ba su san yadda aka yi ya samu ba, sun dai san akwai sanyi kuma akwai shuru. To na ga gara in tattara amsoshin wuri ɗaya, don ni wurin nan yana raina ƙwarai kuma ba na so mu riƙa shigarsa muna fita kamar tashar mota.

Wai menene Miango Rest Home, kuma a ina yake?

Gidan hutu ne da wurin taro na Kirista a garin Miango, ƙaramar hukumar Bassa, jihar Filato. Ƙasar mutanen Irigwe ce. Daga Jos in ka kama hanyar Miango ta wajen Kufang tafiyar ba ta wuce awa ɗaya ba in hanya na da kyau. Akwai ɗakunan kwana, ɗakin cin abinci, wuraren taro, ɗakin sujada da ake kira Kirk Chapel, filayen wasa, ga manyan itatuwa da suka ga shekaru, ga duwatsu ta ko'ina, irin duwatsun nan na Filato da za ka ga wani ya hau kan wani kamar da hannu aka jera su. A jikinsa kuma akwai makarantar Kent Academy da maƙabartar ma'aikatan mishan.

Su wa suka kafa shi, kuma yaushe?

Mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, ne suka kafa shi a 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu aka ce Najeriya. Amma in na tsaya a nan ban ba ka amsa ba, domin ba za ka gane dalilin gidan ba sai ka koma baya shekara 21.

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Niyyarsu su kai bishara cikin ƙasar da a lokacin ake kira Sudan, ba Sudan ta Khartum kaɗai ba fa, wannan dogon zirin ƙasa ne daga yamma zuwa gabas a ƙarƙashin hamada wanda ƙasar Hausa ke cikinsa, daga nan sunan Sudan Interior Mission ya fito. Bingham bai ma yi nisa ba zazzaɓi ya kayar da shi, ya tsaya a bakin teku yana tura wa 'yan'uwansa kaya. Su biyun suka shiga ciki. Kafin 1894 ta ƙare dukansu sun mutu, Gowans a wajen Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida shi kaɗai. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi. Sai a karo na uku, a 1902, aka samu aka kafa tasha ta farko a Patigi a bakin kogin Kwara.

Ka ga kenan ƙungiyar da ta fara da binne biyu cikin uku na mutanenta na farko, ba sai an yi mata dogon bayani ba kafin ta gane cewa jikin mutum yana da iyaka. Da aikin ya fara yaɗuwa, Egbe, Kwoi da sauransu, matsalar ba ta tafi ba. Mutum ya yi shekara a tasha shi kaɗai ko shi da matarsa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini, ga zafi, ga kewa, ga harshen da yake ta fama ya koya, yana shan kwinin kullum har kunnensa na ƙara. Komawa Ingila ko Kanada hutu kuwa ba abin wasa ba ne, makonni ne a jirgin ruwa, kuɗi ne mai yawa, kuma sai bayan shekaru ake ba mutum izini. Sai aka ce to a nemi wuri a nan cikin ƙasar inda mutum zai je ya yi 'yan makonni jikinsa ya dawo, ransa ya dawo, ya koma bakin aiki. Wannan shi ne asalin Miango.

Me ya sa sai kan tudun Filato? Me ya hana Kano ko Legas?

Sanyi, ɗan'uwa. Tudun Jos yana kusan mita 1,200 sama da teku, kuma yadda Allah ya tsara iska, duk mita dubu da ka hau zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Shi ya sa a watan Afrilu mutumin Sakkwato na neman inda zai sa kansa, kai kuma a Miango da dare kana jan bargo. Sauro ma bai kai na bakin kogi yawa ba, ban ce babu ba, amma bai kai ba. Kuma ƙasar tana karɓar kayan lambu irin wanda Turawan suka saba ci, dankalin Turawa, kabeji, karas, har yau ai daga Filato ake lodinsu zuwa sauran jihohi.

Akwai wasu dalilai biyu kuma. Na ɗaya, gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan zama a cikin masarautun Musulmi, saboda haka ƙarfin aikinsu a wancan lokaci yana wajen Filato da kudancin Zariya da makamantansu. Na biyu, haƙar kuza ta riga ta buɗe Filato, kamfanonin kuza sun cika wurin, har aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru a daidai waɗannan shekaru, kenan ana iya isowa ba sai an yi wata guda a kan doki ba. Daga baya da aka buɗe wa SIM ƙofa a Kano da Katsina da Sakkwato a shekarun 1930, musamman ta hanyar aikin kutare, kuma ga tashoshinsu a Nijar kamar Damagaram da Tsibiri da Maraɗi sannan asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, sai amfanin Miango ya ƙara fitowa, don waɗanda ke aiki a cikin wannan zafin su suka fi kowa bukatar wurin.

To kwanciya kawai suke zuwa yi?

A'a. Hutu ne dai babban abin, barci da abinci mai kyau da yawo a kan duwatsu da wasan tanis, amma tun farko wurin ya zama mahaɗa. Mutumin da ya yi wata goma bai ga wani abokin aikinsa ba sai ya tarar da su a teburin cin abinci, ana ba juna labarin abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba. Ana taron addu'a, ana nazarin Littafi Mai Tsarki. A shekarun 1920 ma a Miango ne mishan-mishan daban-daban da ke aiki a Arewa suka riƙa haɗuwa suna shawara a kan yadda za su yi aiki tare ba tare da suna taka ƙafar juna ba. Lokacin ne kuma ake ta fama da aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, cikin waɗanda suka sha wahalarsa akwai Dakta Miller na Zariya da Dakta Stirrett na SIM wanda ake ce wa Bature Mai Magani.

Wani abu da na lura da shi, shi Bingham ɗin mutum ne da ya yarda da wannan tsari na ware wuri a je a huta a kuma ji Maganar Allah, domin ko a Kanada ya kafa wurin taro irin haka a yankin Muskoka a 1924. Kenan ba wai dabara ce ta Afirka kaɗai ba, tunaninsa ne game da yadda mai hidima zai daɗe bai karye ba.

Mece ce alaƙar gidan da Kent Academy?

Makarantar kwana ce da aka buɗe a 1946 don 'ya'yan ma'aikatan mishan, Paul Craig da matarsa Gerry ne suka fara ta, aka sa mata sunan Thomas Kent wanda ya mutu a Bida. Kafin ita, iyaye da yawa sai dai su bar yaransu a can Kanada, akwai wani gida da ake kira Gowans Home a Collingwood da aka tanada don haka, yaro ya yi shekaru bai ga uwarsa ba. Da aka buɗe makaranta a Miango sai ya zama aƙalla yaron yana ƙasa ɗaya da iyayensa, kuma in sun zo hutunsu na shekara ga shi nan kusa.

Amma kada mu shafa wa abin mai. Yaro ɗan shekara shida a sa shi a ƙaramin jirgin mishan ko a mota a kai shi makarantar kwana, watanni bai ga gida ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wasu daga cikin waɗanda suka girma a irin waɗannan makarantu sun fito sun faɗi cewa rabuwar ta bar musu tabo, wasu kuma suna tuna wurin da daɗi ƙwarai. Duka biyun gaskiya ne. Ni dai duk fasto ko mai bishara da ya tambaye ni, ina ce masa ya dubi wannan tarihin ya yi tunani a kan nasa yaran, don aikin Ubangiji ba ya bukatar a yi hadaya da su. Yau makarantar tana nan, kuma yaran Najeriya ne suka cika ta.

Ana cewa akwai maƙabarta a ciki. Gaskiya ne? Ba abin tsoro ba ne a wurin hutu?

Akwai, tana kusa da ɗakin sujada, kuma in ka tambaye ni ita ce wurin da ya fi kamata ka fara zuwa. Ba abin tsoro ko kaɗan. Wuri ne mai tsabta, shuru, duwatsun kabari a jere da sunaye da shekaru. Abin da ya fi taɓa ni karon farko shi ne ƙananan kaburbura, na jarirai da yara, wani wata uku, wani shekara biyu, ka tsaya kana lissafi a ranka ka ga uwar nan ta bar ƙasarta ta zo, ta haihu a nan, ta binne a nan, kuma da yawansu washegari ko bayan mako suka koma tasharsu suka ci gaba da duba marasa lafiya da koyar da karatu. Wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata da muka je tare ta tsaya a kan ɗaya daga cikinsu ta daɗe ba ta ce komai ba, ita ma ta binne yara biyu a rayuwarta, da ta juyo sai ta ce mini, "Ɗana, ashe su ma sun san wannan zafin." Ban manta ba har yau.

Akwai kuma labarin da ya haɗa maƙabartar da wata cuta da kowa ya san sunanta yanzu. A watan Janairu na 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, can jihar Borno ta yanzu. Aka ɗauko ta a jirgi zuwa asibitin SIM na Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta sha da ƙyar, kuma daga jinin waɗannan matan ne masana suka gano ƙwayar cutar aka sa mata sunan garin, zazzaɓin Lassa. Da cutar ta sake ɓarkewa a Jos a farkon 1970, likitar asibitin, Dakta Jeanette Troup, tana binciken gawar wani da ya mutu don a gane yadda cutar ke kisa sai ta yanke a yatsa, cikin 'yan kwanaki ta kwanta, a watan Fabrairu ta rasu. A Miango aka binne ta. Duk shekara in rani ya shigo muna jin sanarwa a rediyo a rufe abinci saboda ɓera, a kiyayi Lassa, to ga ɗaya daga cikin waɗanda suka biya da ransu kafin a san cutar tana kwance a can.

Ba wurin Turawa ba ne? Mu me ya haɗa mu da shi?

Da farko kam nasu ne, ba sai an ɓoye ba. An gina shi don ma'aikatan mishan, su kuwa a lokacin Turawa ne, kakanninmu in sun shiga to a matsayin kuku ko mai wanki ko mai lambu ko magini ne. Kuma akwai abin da ke damuna in na tuna, masu bishara baƙaƙen fata da suka yi tafiyar ƙasa ƙauye-ƙauye, waɗanda su ne suka yi mafi yawan aikin in za a faɗi gaskiya, su ma suna gajiya, su ma suna binne yara, amma ba a yi musu irin wannan tanadin ba. Zamanin mulkin mallaka ne kuma mishan ba ta kuɓuta daga halin zamanin ba.

Sai dai abubuwa sun juya. A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, hedikwatarsu a Jos. A 1976 SIM ta miƙa ragamar ayyukanta na Najeriya a hannun ECWA. Turawa suka yi ta raguwa, yau in ka je Miango waɗanda za ka tarar a ɗakin cin abinci mu ne, fastoci, dattawan ikilisiya, Zumuntar Mata da ankonsu, matasa, ɗalibai, sababbin ma'aurata, ma'aikatan ƙungiyoyi da suka zo bita. Masu kula da wurin ma 'yan ƙasa ne. Saboda haka tambayar yanzu ta koma kanmu, wurin da aka gina don kada mai hidima ya karye, muna tura namu masu hidimar kuwa?

Amma fa mai aikin Allah ya kamata ya riƙa hutu? Ba ragwanci ba ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, kuma saboda ita na zauna rubuta duk wannan. A ikilisiyoyinmu mun ɗauki fasto kamar injin niƙa. Lahadi wa'azi sau biyu, Litinin zaman sulhu tsakanin miji da mata, Talata asibiti, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis jana'iza, Juma'a kwanan addu'a, Asabar ɗaurin aure, tsakar dare kuma waya ta yi ƙara wani ba lafiya. Matarsa ita ce shugabar mata ko an zaɓe ta ko ba a zaɓe ta ba, gidansa masaukin kowane baƙo. In ya ce ya gaji sai a fara gunaguni wai ruhunsa ya yi sanyi. Na san wani fasto a ƙauye da ya yi shekara goma sha ɗaya bai taɓa yin mako guda ba tare da hidima ba, sai da hawan jini ya kayar da shi a kan bagade sannan dattawa suka fara tambaya ko akwai abin da za a yi. Haba jama'a.

Ku buɗe Markus sura 6. Almajirai sun dawo daga aike, mutane na ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba, Yesu da kansa ya ce su zo su kaɗai wurin da ba kowa su ɗan huta. Bai ce su ƙara ƙoƙari ba. Ku duba Iliya a 1 Sarakuna 19, bayan abin da ya faru a Dutsen Karmel ya gudu jeji ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, me Allah ya fara yi masa? Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya sake barci, ya sake ci, sai bayan nan aka yi maganar tafiya Horeb da ƙaramar muryar nan. Abinci da barci suka riga wa'azi. Asabaci ma ai umarni ne, yana cikin Dokoki Goma tare da kada ka yi kisa da kada ka yi sata, amma shi kaɗai ne muke karyawa muna alfahari.

Saboda haka shawarata ga dattawan kowace ikilisiya, ku sa hutun fasto da iyalinsa a cikin kasafin shekara kamar yadda kuke sa kuɗin janareto da na rufin kwano. Ko ba Miango ba, ko'ina ne, amma ya bar garin, ya kashe waya, kuma kada ku haɗa masa da cewa tunda za ka je sai ka yi mana wa'azi a taron kaza. Wannan ba hutu ba ne, canjin wurin aiki ne.

Addu'a a kan dutse ta fi saurin karɓuwa ne?

A'a, kuma ina so a ji ni da kyau don yanzu an cika maganar hawa dutse kamar can ne Allah ya fi kusa. Yesu ya gaya wa matar nan Basamariya a Yahaya sura 4 cewa lokaci na zuwa da ba a kan wannan dutse ba, ba kuma a Urushalima ba za a yi wa Uba sujada, sai dai cikin ruhu da gaskiya. Addu'ar da tsohuwa ta yi a madafi tana hura wuta ba ta fi ta kan dutse nisa da kunnen Allah ba. Abin da dutse ke canzawa kai ne. Babu hayaniyar kasuwa, babu mai buga ƙofa, ka yi barci ya ishe ka, sai ka ga abin da ka yi wata shida kana gudun tunaninsa ya zo ya zauna a gabanka. Shi ya sa shi ma Yesu yake hawa dutse ya kwana yana addu'a, kamar yadda Luka 6 ya nuna kafin ya zaɓi sha biyun. Maƙwabtanmu Musulmi ba za su ga wannan baƙon abu ba, su ma sun san itikafi da halwa, mutum ya janye daga jama'a na ɗan lokaci don ya fuskanci Mahaliccinsa.

In ƙungiya ta je ritirit, me ake yi a zahiri?

Ya danganta da masu shiryawa. Yawanci addu'ar safe, karin kumallo, koyarwa, a rabu ƙananan ƙungiyoyi a tattauna, abincin rana, hutu, da yamma wasanni ko hawa dutse, da dare waƙoƙi da shaida. Matasa sun fi son tafiya wajen tsofaffin duwatsun nan masu aman wuta da suka mutu tun zamanin da, suna nan kusa da garin, in ka hau sama kana hango gonaki har iyakar ganinka.

Kuskuren da na fi gani shi ne a cika jadawali tun ƙarfe biyar na asuba har sha ɗaya na dare, mai magana bayan mai magana, lasifika a ƙure, mutane su koma gida sun fi yadda suka zo gajiya. In haka za ku yi gara ku zauna a cocinku ku adana kuɗin mota. Ku bar aƙalla awa uku a rana da ba a shirya komai ba. Ma'aurata kuma ku ba su lokaci su yi yawo su biyu, akwai waɗanda rabon da su yi hira ba a kan kuɗin makaranta ba tun kafin haihuwar ɗan fari.

Sai ɗan ECWA ne zai iya zuwa?

A'a, ɗarikoki daban-daban suna amfani da wurin, COCIN, Baptis, Anglika, EYN da sauransu, da ƙungiyoyin ɗalibai, da iyalai da suka zo don kansu. Abin da za ka riƙe dai wuri ne na Kirista da aka keɓe don natsuwa, ba gidan rawa ba, saboda haka ka shiga da ladabin da ya dace da shi.

Su kuma mutanen garin fa?

Irigwe ne, su suna kiran kansu Rigwe, manyan yankunansu Miango da Kwall. Manoma ne na gaske, acca, masara, dankali, tumatir, barkono, kuma rawarsu ta yi suna har ana gayyatarsu bukukuwa nesa da Filato. Sun fi shekara ɗari suna zaune da wannan gida, hannunsu ne ya fasa duwatsun da aka yi ginin, gonakinsu ne suka ciyar da baƙin, kuma yawancinsu yau Kirista ne. In ka je kada ka tsaya cikin shinge kawai, ka shiga gari ka gaisa da mutane, ka sayi kayan lambu a hannun matan, ana jin Hausa sosai ba za ka rasa abokin magana ba.

Maganar tsaro fa? Muna jin labarai.

Labaran ba ƙarya ba ne kuma ba zan rufe ku ba. Ƙauyukan Irigwe sun sha hare-hare a shekarun nan, musamman daga 2017, an kashe mutane, an ƙona gidaje, an sare amfanin gona, 2021 ta yi muni ƙwarai a wajen Jebbu Miango, kuma a cikin wannan rikici na Bassa da Jos an yi asarar rayukan Kirista da Musulmi, har da matafiya da ba ruwansu. Akwai zawarawa da marayu da yawa a ƙasar nan. Saboda haka kafin ku tashi ku tuntuɓi masu kula da gidan ku ji halin da ake ciki a makon, ku yi tafiya da rana, kada ku fita yawon duwatsu ba tare da ɗan gari ba, kuma in suka ce ku ɗaga tafiyar ku ɗaga. Amma kuma kada mu yi wa wurin ƙaura gaba ɗaya saboda tsoro, domin akwai iyalai da yawa da abincinsu ya dogara da zuwan baƙi, kuma mutanen da aka yi wa rauni suna lura da wanda ya zo gaishe su da wanda bai zo ba. In ƙungiyarku za ta iya, ku ware baiko ɗaya na ritirit ɗin ku ba ikilisiyar garin don waɗanda aka raba da gidajensu.

Wane lokaci ya fi kyau, kuma me zan riƙe?

In kana son kore, ka je da damina, daga Yuni zuwa Satumba duk tudun ya zama kamar an shimfiɗa darduma, sai dai ruwa kusan kullum da laka a hanya. Oktoba da Nuwamba su na fi so, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama garau. Disamba da Janairu hunturu ne na gaske, da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10, wanda ya taso daga Kano ko Maiduguri yana ganin ya san sanyi to ya zo da rigar sanyi mai kauri da safa da hula, yara kuma a ninka musu. Lokacin Kirsimeti da Ista da hutun makarantu wurin kan cika, sai an kama ɗaki tun da wuri. Ka riƙe takalmin da zai iya hawa dutse, tocila, man shafawa saboda bushewar fata, gidan sauro ko maganinsa, magungunanka in kana sha, Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi, da ɗan littafin rubutu da biro.